Filas Ya Dawo A Bushe

"Ina ƙanƙarar? Tambayarka nake, tsoho. Ina ƙanƙarar?"

Muryar Inna Primitiva ce ta keto bangon da ya raba shagona da ɗakinsu, da hantsi, ina cikin goge kwamfutoci.

"Ta narke."

"Ta narke ta tafi ina? In ƙanƙara ta narke ai ruwa take zama. Filas ɗin nan a bushe yake ƙayau! Shekara ashirin da shida ina wanke maka safa, yau ni za ka raina wa hankali?"

"Rage murya, tsohuwa. Bango na da kunne."

"To ya ji mana!"

Na kuwa ji.

Mijinta, Eleuterio Chauca, yana da shekara goma sha biyu lokacin da girgizar ƙasa ta ɓaro ɓangaren dutsen Huascarán ya binne garinsu, Yungay, da uwarsa da ƙannensa mata biyu a ciki. Ya tsira ne don an aike shi nemo jaki a kan tudu. Ya girma a nan Huaraz, ya fara da korar jakunan masu hawan dutse, ya koma dako, har ya zama ɗan jagora. Mutum ne mara yawan magana, kullum da ganyen koka a kunci, wanda mutanen duwatsu ke taunawa don kashe gajiya. Kowa a unguwa ya san al'adarsa: duk ranar da ya taka ƙolin dutsen nan sai ya cika ƙaramin filas da ƙanƙarar wurin, ran Lahadi shi da matarsa su je su zuba a filin da garin yake kwance a ƙasa. Sau arba'in da wani abu, bai taɓa fashi ba.

Da ƙasa ta girgiza a garin Pisco na bakin teku cikin watan Agusta, wasu 'yan Lima, babban birni, su bakwai suka zo da tuta. Wani kamfani ya yi musu alkawarin zai sake gina makarantar wani ƙauye a can, muddin tutar ta kai ƙolin Huascarán kuma an ga hoto. Suka ɗauki Eleuterio, don ba a samun maraya irinsa kullum. Shugabarsu, wata doguwa mai suna Maricruz, ta sa shi ya ba da labarin uwarsa sau uku a gaban kyamara, wai na farko bai yi kuka ba.

Sun dawo ran Talata suna murnar sun kai ƙoli, suka wuce Lima. Hoton kuwa yana kyamarar Eleuterio, don sanyi ya kashe tasu, kuma ni aka bar wa aikin tura wa kamfanin shi kafin Juma'a ta wuce. Bayan rigimar nan na buɗe shi na ƙara girmansa. Mutum bakwai, tuta, da fari fat ta ko'ina. Gajimare ya rufe komai. Da a bayan gidanmu aka ɗauka cikin hazo, haka zai fito.

Da rana na je kasuwa na sami Nicanor, ɗan dakon da ya bi su, yana shan miyar dankali.

"Kun kai kuwa?"

"Ni a zango na biyu na tsaya, ina dafa shayi. Me ya kai ni?"

"Ƙarfe nawa suka dawo zango?"

Ya daɗe yana juya cokali. "Da wuri."

"Da wuri kamar yaya?"

"Kai ɗan sanda ne? Uwargijiyar nan leɓenta ya koma shuɗi saboda ƙarancin iska tun kafin su tashi. Ta rantse ba za ta sauko ba sai ta taka sama. Mai taurin kai irin wannan, in ka ce mata nan ne saman, ka taimake ta." Ya lashe cokali. "Ni dai ban ce komai ba."

Labari mai daɗi, kuma na so in gaskata shi. Amma ni nake jin Eleuterio ta bango kowace safiya yana nishi kafin gwiwarsa ta yarda ta miƙe. Ɗan jagoran da aka san gwiwarsa ta mutu, ko ɗan yawon buɗe ido ɗaya ba zai ƙara gani ba. Leɓen Maricruz ya ceta, ko sana'arsa? Akwai ma abin da ya fi damuna. Na taɓa jin ya ce su a zamanin tasu girgizar bargo ɗaya aka ba shi, aka ɗauke shi hoto da shi. Mutumin da aka sa ya maimaita labarin uwarsa sau uku don ya yi kuka, zai iya jin daɗin tsayar da masu kyamara a kan wani tudun banza yana kallonsu suna rungume-rungume.

In na tura, na shiga ƙaryar. In na ƙi, yara suna can suna karatu a ƙarƙashin leda.

Da la'asar na ƙwanƙwasa ƙofarsu. Shi ya buɗe. A bayansa na hango igiya a naɗe, takalman hawa an shafe su da mai, Inna Primitiva tana ɗura gasasshiyar masara a jaka ba ta ko ɗago kai ba.

"Baba, maganar hoton nan ce."

"Ka tura?"

"Tukuna."

"Ka ji mu ɗazu ke nan."

"Bangon ne ba kauri, Baba."

"Kunnenka ne dai da tsawo." Ya gyara ganyen da ke kuncinsa.

"Saboda matar ne ka juyo da su?"

Ya dube ni kamar mai duba jakin da ake son sayar masa. Sai na lura da tutar, a ninke ƙarƙashin hammatarsa. Ashe bai ba su ita ba.

"Gobe da asuba zan koma, ni kaɗai," in ji shi. "Ka riƙe hoton nan zuwa Juma'a. In na dawo, zan kawo maka wani. In ban dawo ba, ka tura wannan ɗin. Ba mai yi wa matacce tambaya."