Ruwan Wankin da Ba a Zubar Ba

Mu biyar ne a saman benen ranar: ni, da Inna mahaifiyata, da tsohuwar gidan wadda kowa ke kira Nainai, wato kaka a yarensu, da surukarta Khala Salma, da jikarta Nuriyya da ake shirin aurarwa kafin azumi. Laraba ce cikin watan Sha'aban, shekarar 1976 in ji masu lissafi, ni kuwa ban wuce shekara goma sha biyu ba. Rana ta take, iska ta ɗauke, laimar teku ta kwanta a kan Jidda har bango yana gumi. Inna na durƙushe gaban daro, hannuwanta cikin ruwa baƙi ƙirin, Nainai kuma tana tsaye a bakin matakala ta dafe bango, tana kallon daron ba ta ko ƙiftawa.

Gidan na Sinawa ne, musulmi, a unguwar Bagdadiyya. Mai gidan, Ammu Yusuf, ɗan Nainai, yana da ɗan shagon abinci a ƙasan benen, inda yake jan taliya da hannu har ta koma kamar zaren saƙa. Mu kuwa daga unguwar Karantina muke zuwa. Inna wanki take yi musu, sau biyu a mako, ni ina ɗauko ruwa daga famfon ƙasa, ina matsa, ina shanya, in an gama in kwashe gawayi in hura wa dutsen guga wuta. Ban yi makaranta ba, wannan saman benen shi ne inda na koyi abin da na sani. In aiki ya yi sauƙi nakan zana gidan gala-gala da gawayi a kan siminti, Nuriyya ta ɗage siket ta yi tsalle ɗaya ko biyu duk da ta girme ni nesa, sai uwarta Khala Salma ta leƙo ta ce budurwar da ake kawo wa kayan aure ba ta ɗingishi a gaban tattabaru. Inna da Nainai ba su da Larabcin kirki su duka biyu. Tsohuwa ta yi Sinanci, Nuriyya ta mayar mini da Larabci, ni in mayar wa Inna da Hausa. Haka magana ke tafiya a gidan, shi ya sa ba a yin ta barkatai.

Nainai ba ta zama hannu sake. Kullum akwai basilla a hannunta, da zaren rama da take murzawa a cinya, da wani zoben ƙarfe a yatsa da take tura allura da shi. Takalman tsumma take ɗinkawa, irin na ƙasarsu. Za ta tara tsofaffin tufafi ta yayyage, ta dama talgen fulawa, ta shafa a kan ƙyauren ƙofa, ta shimfiɗa tsumma, ta sake shafawa, ta sake shimfiɗawa, har ya yi kauri. In ya bushe sai ta ɓamɓare shi, ya fito a sanƙare kamar ƙirgi. Daga nan take yanka tafin takalmi, ta jera falle kan falle, ta huda da basilla ta ɗinke, ɗinki ƙanana a jere kamar an shuka gero. Abin da takan faɗa, yadda Nuriyya ta fassara mini, shi ne: "Tufa ba ta mutuwa, sauka take yi zuwa ƙafa."

Makon nan ana ta gyaran gida saboda biki. Khala Salma ta ce wa Inna ta fito da duk abin da ke ɗakin tsohuwa, labule da zanen gado da rigunan matashi, a wanke. Inna kuwa mace ce da ba ta iya ganin dauɗa ta wuce. A bayan adaka ta tarar da wani falle ƙandararre, baƙi-baƙi, an yanke gefensa, yana warin tsufa. Ta juya shi, ta shinshina, ta ce ƙazanta ce ta shekara da shekaru ta daskare a kan tsumma. Ba ta tambayi kowa ba. Ta hau sama da shi, ta danna cikin daro, ta zuba ruwan zafi, ta ɗora dutse a kai don ya jiƙa. Ina tsaye ina gani. Na san irin wanda Nainai ke ɓamɓarowa daga ƙyaure, amma wancan fari ne sabo, wannan kuwa ko kusa bai yi kama da shi ba.

Kafin tsohuwa ta idar da sallar azahar ta hawo, talgen ya narke, falle ya rabu da falle.

Nuriyya ce ta yi mini bayani, murya ƙasa-ƙasa, ni kuma ina mayar wa Inna. A gidansu amarya ba ta taka ƙasa ranar fita sai da jan takalmi wanda tafinsa aka yi da tufafin mutanen gidan, don ta fita a kan nata, kada ta shiga gidan miji kamar wadda aka tsinto. Wannan fallen Nainai ta haɗa shi ne tun tana Ɗa'ifa, farkon zuwansu, da abin da ya rage na kayan da suka fito da su daga ƙasarsu. A ciki ta yanka wa 'ya'yanta mata biyu. Saura na ƙafa biyu kacal, shi ta ajiye wa Nuriyya tun ranar suna. Ta riga ta gama ɗinka saman takalmin, ja da furanni, gobe take shirin yanka tafin.

Inna ta cire hannu daga ruwa ta goge a zane. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi rantsuwa ba, ba halinta ba ne. Ta ce in gaya musu ita ta yi, ba wanda ya sa ta. Khala Salma ta fara faɗa da Larabci, tana cewa halas, wato shi ke nan, a sayo takalmi a kasuwa kamar kowa, dama ita tun farko ba ta ga amfanin wannan wahala ba. Nainai ta ɗaga mata hannu ta tsayar da ita.

Tsohuwa ta zo ta zauna a ƙasa gaban daron, ta naɗe hannun riga, ta fara tsamo su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ta tsamo sai ta matse a hankali, ta shimfiɗa a cinya, ta faɗi mai shi. Wannan toka-toka rigar mijinta ce, da ita ya ƙetare duwatsu masu ƙanƙara da ƙafa har ƙasar Hindu, kafin su sami jirgin ruwa. Wannan fari ɗankwalin uwar mijinta ne, wadda ta ƙi biyo su ta ce ba za ta bar kabarin mijinta ba. Wannan mai ɗigo-ɗigo majanyi ne, da shi ta goyo ɗanta na fari, wanda suka binne a hanya suka jera masa duwatsu. Ta faɗe su ba rawar murya, kamar mai kiran yara cin abinci. Nuriyya da kanta ba ta taɓa jin maganar wannan yaron ba, na gani a fuskarta. Har Khala Salma ta zauna.

Da ta gama, ta sake zura hannu tana lalube a gindin daron. Ta daɗe tana lalube. Abin da ta fito da shi zare ne kawai da ɗan luɓu-luɓu baƙi da ya manne mata a yatsu. Wandon mahaifiyarta ne, rinin baba, saƙar hannun ita mahaifiyar. Shi ya fi duka tsufa, shi ne bai jure ruwan zafi ba. Baƙin da ke cikin daron nasa ne.

Inna ta miƙe ta kama bakin daron za ta kai makwarara, don ita a saninta ruwan wanki ba shi da wurin zuwa sai can. Nainai ta riƙe mata wuyan hannu. Ban taɓa ganin wani ya riƙe Inna haka ba. Ta faɗi wata gajeruwar magana, Nuriyya ta maimaita, ni kuma na ce:

"Inna, wai kar ki zubar. Wai uwarta tana ciki."

Inna ta ajiye daron a hankali kamar mai ajiye jariri.

Da wannan ruwan aka dama sabon talge. Nainai ta sa aka tace shi da mayafi, aka zuba a tukunya, ta barbaɗa fulawa tana juyawa har ya yi kauri, shuɗi mai duhu. Aka ciro ƙyauren ɗakin tattabaru aka kwantar. Ta jera tsummokaran yadda suke a da, ba ta yarda kowa ya taɓa ba sai Nuriyya, wadda ta kama wa hannu tana nuna mata yadda ake shafawa daga tsakiya zuwa gefe don kada iska ta maƙale. Aka jingina shi a rana.

Sai dai Jidda ba Ɗa'ifa ba ce. Can iska busasshiya ce, nan kuwa a Sha'aban ko gishiri jiƙewa yake yi a kwano. Da muka dawo ranar da ba ta aikinmu ba, don Inna ta ce ba za ta zauna a gida ba, mun tarar da shi danƙo-danƙo, ya fara tsami, gefe ɗaya har ya soma fumfuna. Inna ta ce a ba ta ta goge shi da dutsen guga. Nainai ta ƙi, ta ce uwarta ba ta taɓa sa wa wannan abu wuta ba, kakarta ma haka. Inna ta ce in gaya mata uwarta ba ta taɓa zama a Jidda ba. Na yi jinkirin fassarawa, Inna ta harare ni, na fassara. Tsohuwa ta dubi Inna, ta dubi ƙyauren, ta shinshina shi, sannan ta ja da baya. Ni na hura gawayi, Inna ta shimfiɗa farin ƙyalle a kai ta bi shi da dutse mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, tana ɗagawa tana mayarwa, tun hantsi har la'asar, Nainai na zaune kusa tana taɓa shi da bayan hannu.

Ya bushe, amma bai kai kaurin na da ba. Inna ta kwance ɗankwalinta ta miƙa a ƙara da shi. Nainai ta karɓa, ta ninke shi da kyau, ta mayar mata, ta ce ba a sa amarya ta taka baƙo. Haka ta yanka fallen da siranta. Ta ɗinke shi da idon nan nata da ya fara hazo, jini na fita a yatsa tana tsotsewa tana ci gaba.

Ranar kai amarya ina laɓe a bayan ƙofa tare da masu wanke-wanke. Nuriyya ta sauko matakala cikin farar riga irin ta Larabawa, a ƙarƙashinta jan takalmin na leƙowa. Ta taka tsakar gida, ta taka bakin ƙofa, ta taka titi, ta shiga mota. A cikin motar na ga ta cire shi ta sa wani takalmi mai tsini, ta rungume jan a ƙirji. Nainai ba ta bi su ba. Ta tsaya har motar ta sha kwana, sannan ta koma ciki ta nemi ruwan alwala.

Yanzu an rushe wancan benen, an yi ofisoshi a wurin. Jikokin Ammu Yusuf, in ka gamu da su a unguwar Aziziyya, ba ka raba su da Larabawa sai a ido, ban kuma ji wadda ta iya riƙe basilla a cikinsu ba. Namu ma haka. Jikokina suna jin Hausa, su amsa mini da Larabci. Riga ta ɗan koɗe sai a cusa ta a leda a ajiye bakin bola, ba mai tambayar wa ya sa ta, ko ina ta je da shi. A da abin hannunmu kaɗan ne, shi ya sa muka san kowanne da sunansa.

A hanyarmu ta komawa Karantina ranar bikin na tambayi Inna ko tana da wata tufa ta mahaifiyarta. Ta ce wa ya ba ta, ita da ta baro Katsina da ƙunshi ɗaya, shi ma rabinsa ya salwanta a hanyar Sudan. Ta ce zane guda ya iso Jidda da ita, shi ne wanda muke goge ɗaki da shi, in kuma na gama surutu in ɗaga ƙafa.

Washegari da sassafe na ɗauko tsumman zanen nan daga bayan randa, na wanke shi da ruwan sanyi, na shanya a inuwa. Da ya bushe na ninke shi na sa a ƙarƙashin tabarmata, na yago wata tsohuwar rigata na ajiye a bayan randar a madadinsa.