Rahoton Ranar Rabon Taki

Shekarar da na gama bautar ƙasa na dawo ƙauyenmu da ke kan hanyar Tsohon Birnin Gwari, motar taki ta zo aka fara rabo a filin makaranta. Ba a kai rabi ba wuri ya watse. Katangar zana ta faɗi, direba ya ja mota da sauran buhuna ya koma gari.

Ofishin masu rabon takin suka nemi rahoto da Turanci kafin su sake turo motar. Mai unguwa, wanda yayan mahaifina ne, ya aiko a kira ni in rubuta.

Kalmomi biyu suka tsaya mini. Ƙamus ya ce rowdy na mutanen da ke hayaniya da rashin ɗa'a ne, da gangan. Panic kuwa firgici ne da ke kwashe hankali, ba a zargin wanda ya same shi. A iya abin da na gani, kuma daga baya nake tsaye, duka biyun sun faru. An yi ta ture-ture tun hantsi. Sai aka ji ƙarar babura daga wajen daji, kowa ya ranta a na kare. Ashe 'yan ɗaurin aure ne.

Na yi wa mai unguwa bayani, na ce ta biyun ta fi kusa da gaskiya, wataƙila.

Ya ce, "Malam na boko, idan direba ya ji an ce tsoro, zai dawo?"

Na ce, "Baba, ba zan iya cewa ba."

"Ni zan iya. Wacce ce ta marasa kunya?"

"Ta farkon."

"Sa ta. Marar kunya ana zuwa masa da sanda. Inda ake gudu kuwa ba mai zuwa."

Na kwana biyu da takardar. Na gwada haɗa kalmomin a jimla ɗaya, na ga duk wanda ya karanta, a kan firgicin idonsa zai tsaya. Na rubuta rowdy. Na ƙara cewa kaɗan ne, na sake gogewa.

Bayan mako uku motar ta dawo da masu tsaro huɗu. Aka jera mu a rana, har da dattawa, ana karanta mana dokar layi da ƙarfi. Masara ta fara yin rawaya a lokacin, amma yawancin gonaki sun farfaɗo.