Kawu Ya Ce Shi Ne Tauraron Labarina

Ina shiga gida da la'asar na iske Kawu Garba, yayan Inna, zaune bisa tabarma. Tun daga Rimawa ya taso, ko ruwan da aka aje mishi bai taɓa ba.

Ashe gajeren labarin da na sa a wannan shafin aka karanta mishi, na wani manomin albasa mai rigimar iyakar gona.

"Kai Bello, mi niy yi maka da za ka tona ni ga duniya?"

Na ce, "Kawu, ƙagaggen labari ne, bai faru ba. Mutumin tauraro ne kawai, wanda labarin ke bi. Jigon kuwa, wato saƙon, haƙuri da maƙwabci ne."

"Tauraro? To mi yas sa tauraron naka shika ɗingishi da ƙahwar hagu?"

Wallahi na manta Kawu na ɗingishi! Na yi bayani har maƙoshina ya bushe, ya kaɗe riga ya tafi.

Yanzu Inna ta daina amsa gaisuwata, sai na je na ba shi haƙuri kan mutumin da babu shi.

Marubuta, don Allah yaya kuke ƙarewa da danginku?