Kunyar da Inna Ba Ta Gani

A ƙarshen shekarun saba'in aka kai ni Urno amarya, daga wani ƙauye na gefen Buza. Wata biyu da biki, da aka gama girbi, maigidana ya hau kamyo, babbar motar kaya, ya tafi cin rani Abijan kamar sauran mazan Adar. Ya bar ni da mahaifiyarsa, wadda duk unguwa ke ce wa Inna.

Inna makauniya ce. Ƙyanda ta ɗauke mata ido tun tana yarinya, amma baƙo sai ya daɗe a gidan bai gane ba. Turminta na gindin rumbu, randa ƙarƙashin kurna, tsintsiya bayan ƙofa, shekara da shekaru kowanne na wurinsa. Da hantsi takan ɗauki tulu, ta bi darni da ƴan yatsu har bakin lungu, daga nan hayaniyar mata ta ja ta zuwa rijiya. Ta ja gugarta, ta tsokani wadda za ta tsokana, ta dawo da labarin gari kaf. Da sawu take gane mutane. Tun kana zaure ta riga ta san ko wane ne, har ta soma yi maka ba'a.

Ni kuwa na zo da tarbiyyata, ina ji da ita. Uwata ta ja mini kunne: uwar miji ba a ɗaga murya gabanta, ba a gifta ta da takalmi, ba a barinta ta taɓa aiki. Na riƙe wannan gam. In zan wuce sai in tuɓe takalma, in sunkuya, in bi ta gefenta shiru. In ta yi magana in sadda kai ƙasa. In ta ɗauki taɓarya in durƙusa in zare ta daga hannunta. Kafin ta idar da sallar safe na cika randa, tulun ma na kai shi ɗakina. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina wa nake yi wa sunkuyon nan ba, alhali ba ta ganinsa.

Wata rana na gyara tsakar gida, na gangara da turmi inuwa don ya fi kyau a can. Inna ta fito da saurinta na kullum, ta yi karo da shi, ƙwaurinta ya fashe. Ta lallaba ta koma ɗaki, daga ranar kuma ta bar fita sai alwala. Mata suka yi ta yaba mini a rijiya, wai tsohuwa ta samu hutu. Allah ya sani, daɗi na ji.

Kwana kamar ashirin muna haka. Ta rame, ba'ar nan tata ta ɗauke, hurar da nake dama mata sai ta kurɓa sau biyu ta ture. Ran nan na shiga da ƙwarya, na durƙusa kamar kullum na ajiye.

"Wa ke nan?" in ji ta.

Na yi shiru, don kunya.

"Na san ke ta, amarya, tsamin hura na ji. Ɗiyata, mi na yi miki?"

Na ce, "Inna, ba komi."

"To ashe kina da murya. Shekara hamsin ba ni da ido, ban taɓa zama makauniya ba sai da kika zo gidan ga. Ba ni jin tahiyarki, ba ni jin bakinki, in kai hannu ga kayana in iske wayam. Rijiya nan nika ganin mutane, kin hana ni. Ke kina ganina, ni ina zaune da iska."

Na yi kuka har da majina. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, ba irin wadda aka koya mini ba. Ta lalubo kaina ta dafa, ta ce in tashi in maida turmi inda na same shi, kukan ya isa haka.

Daga ranar na shiga yawo da takalma fat-fat a tsakar gida. In zan wuce in ce, "Inna, ni ce." Na maido mata tulunta. Muka riƙa daka tare, ita da taɓarya ni da taɓarya, tana zagin hannuna wai ba shi da nauyi. Kai, mun sha dariya a gidan nan! Har yau in na ji lugude daga nesa sai zuciyata ta koma can.

Gari kuwa ya ɗauka. Matan da suka yaba mini su suka ce amaryar Buza ba ta da ta ido, ta sa makauniya ɗibar ruwa. Magana ta kai ƙauyenmu. Ranar kasuwa sai ga uwata, ta iske Inna na surfe ni ina tsince wake, muna gardama da ƙarfi. Ta ja ni bayan rumbu tana huci, ta ce na zubar musu da mutunci. Ta manta da kunnen Inna.

"Ki bar min ɗiyata," in ji Inna, ba ta ko tsaida taɓarya ba. "Mai kunyar da kika aiko ta kusa kashe ni. Wagga ni na yi renonta."

Uwata ta koma gida da fushi, ba ta sake yi mini magana ba sai ranar sunan ɗana na fari. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma ban sake karɓe tulun ba.

Shekara tara muka yi tare da Inna. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, da hantsi ta je rijiya da ƙafarta, ta dawo ta juye a randa, ta ce kanta na sarawa, ta kwanta. Kafin la'asar ta cika. Da ruwan da ta ɗebo muka yi mata wanka.