Kaset Ɗina Na Biyu Da Ranar Da Na Ci Mutuncin Kawuna

Edita, ina gaisuwa. Na daɗe ina karanta abin da mutane ke aiko muku, yau dai na ce bari ni ma in sauke nawa, ko wani ya amfana. Lokacin da abin ya faru ni matashi ne, malamin firamare a Dutsin-Ma, Katsina ma tana cikin jihar Kaduna. Na tara gashi kamar kwando, wandona mai faɗin ƙafa yana share titi, kuma a ganina duk ƙauyenmu na Ɗantutture babu wayayye sai ni. Ina da aboki Kirista, mutumin ƙasar Jos, ma'aikacin asibiti, wanda ke kaɗa jita a cocinsu. Shi ya koya mini kiɗan fanki daga faya-fayan baƙaƙen fatar Amurka. Muka haɗa 'yar ƙungiya, muka je Kaduna muka yi kaset na farko. Gaskiya kwaikwayo ne zalla, rabi Turanci rabi Hausa, amma ya karɓu. Gidan rediyo ya sa, wani marubucin jaridar Turanci ya yaba, kaina ya kumbura.

Da muka zo yin na biyu, sabon yayi ya shigo, na waƙar da ake zuba magana da sauri a kan kiɗa. Ina ji na ce ai wannan kirari ne, mu da muka tashi muna jin kirarin manoma a wajen gayya. Sai na tafi gida na roƙi kawuna, yayan mahaifiyata, wanda shi ne makaɗin gangar noma na yankinmu, ya zo mu haɗa gangarsa da jitarmu. Bai so ba, albarkacin mahaifiyata ya yarda. A ɗakin ɗaukar murya ya ba mu wahala ƙwarai. Ya ƙi ƙara sauri ko kaɗan, kuma can da can sai ya sassauta gangar har kusan ta yi shiru, sannan ya dawo da ƙarfi. Mai injin ya ce za a yanke waɗannan wuraren, kawu ya ce in aka yanke zai saɓa gangarsa ya nemi motar gida. Dole aka bar masa, waƙa ɗaya ta cinye gefen kaset guda.

Kaset na fitowa, marubucin nan da ya yabe ni a baya ya yi mini kaca-kaca. Ya ce waƙar ba ta rawuwa, abu ɗaya ake ta nanatawa, kuma tana da ramuka kamar wuta ce ke ɗaukewa ana cikin aiki. Ya ce yaron da ya kama hanyar birni ya juya ya faɗa cikin ƙauye. Rediyo ya sa sau ɗaya bai ƙara ba. Abokan aikina malamai suka yanke shafin suka manna a allon sanarwa, in na shigo sai wani ya fara buga tebur yana kwaikwayon gangar. Na ji kunya, na ji haushi, kuma maimakon in haɗiye sai na nemi wanda zan ɗora wa.

Ranar kasuwar Kurfi, garin da ke kusa da ƙauyenmu, na ninke jaridar na sa a aljihu. Na iske kawu a rumfar maƙera cikin sa'o'insa dattawa, ana gyaran garemani. Ko durƙusawa ban yi ba. Na buɗe jaridar na karanta da Turanci don su san na iya, na fassara masa, har ina ƙara gishirina. Na ce taurin kansa da gangarsa ta ƙauye sun kashe mini suna. Maƙerin ma ya daina bugu. Kawu ya bari har na gama, sannan ya tambaye ni a hankali ko wannan mai rubutun ya taɓa riƙe garma. Na yi tsaki na juya. Har yau in na tuna tsakin nan sai jikina ya yi sanyi. Mahaifiyata ta aiko cewa kada in kuskura in zo gabanta. Abokina ya ce na yi laifi babba, shi ma na yi faɗa da shi. Na tura jita ƙarƙashin gado, na daina bin ko layin masu sayar da kaset, haka na zauna har damina ta zagayo sau biyu.

Sai mahaifina ya kira gayya, ya aiko lallai in zo. Na sauka Kurfi na kama hanyar ƙafa ina jan jiki. Ban yi nisa ba na ji ƙarar jitar abokina tana fitowa daga cikin gero. Na leƙa, sai ga rediyo mai kaset rataye a jikin gawo, samari sun jeru suna huɗa, muryata tana zuba musu kirari. Gona ta gaba ma haka. Ashe masu kaset na Dutsin-Ma sun daɗe suna kwafarsa, ƙauyukan da ba su da makaɗi suna saye, ni ina gari ɗaya da su ban sani ba.

A gonarmu na ga kawu zaune a inuwa, ciwon sanyi ya kama masa hannu, ba ya iya dogon kiɗa, shi ke juya kaset ɗin. Na tsaya daga nesa ina kallo. Daidai inda gangar ke sassautawa, a nan manoman suke kaiwa ƙarshen kunya. Su miƙe baya, su share zufa, su juyo, sai gangar ta dawo da ƙarfi, kirari ya tashi, su yi ihu su duƙa. Sau uku ina ganin haka bai kuskure ba. Abin da aka kira ramuka ashe numfashin manomi ne. Dattijon nan yana cikin rufaffen ɗaki a Kaduna, amma tsawon kunya yake aunawa a ransa. Hawaye suka zubo mini, na murna da na kunya a haɗe.

Na je na durƙusa gabansa cikin taɓo, da farin wandona, a gaban kowa, na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe tun a rumfar maƙera, amma in ɗauki garma in shiga layi ya ga ko bayana ya kai bakina ƙarfi. Aka kwashe da dariya. Na yi huɗa har tafukana suka yi kanta, ina bin kiɗan da na raina, kuma ban taɓa jin daɗin waƙata kamar ranar ba. Da kaka na je na ba abokina haƙuri, muka yi wasa a filin kasuwar Kurfi, kawu a tsakiya yana kaɗa iya abin da hannunsa ya ba shi. Mutane har kan katangu, mahaifiyata ta aiko mini da fura.

Abin da na koya shi ne, mai sharhi yana faɗin abin da kunnensa ya sani ne, kuma ban riƙe shi a zuciya ba, don shi bai san kunyar gona ba, ni kuwa a cikinta aka raine ni. Laifin nawa ne. Matasa masu waƙa, ku saurari suka, wani lokacin akwai gyara a ciki. Amma kafin ku yarda aikinku ya lalace, ku je ku ga waɗanda aka yi shi dominsu. Kuma kada ku ɗauki maganar baƙo ku je ku mari wanda ya bar gidansa ya tsaya muku. Ni na yi sa'a, na dawo hankalina kawuna yana da rai. Ba kowa ke iske nasa a zaune yana jira ba.