Darasin Albasa da Na Koyar a Magarya

Ni haifaffen cikin birnin Sakkwato ne, kuma albasa a miya kawai na san ta. Amma da aka tura ni koyarwa wata firamare a Magarya, darasin noma aka ɗora min. Ni fa!

Hedimastanmu dattijo ne, manomin albasa tun kafin a haife ni, kuma ya ƙi jinin waya. Da ya ji malamai na amfani da manhajar nan ta ƙirƙirarriyar basira, wadda kake tambaya ta rubuto maka komai, sai ya raɗa mata suna Malamin Aljihu. Bai hana ba, amma ya ce kowane shirin darasi sai ya bi ta teburinsa. Yana bin rubutu layi-layi da yatsa yana tsaki, har ka ji kamar ka fizge takardarka.

Ranar da zan koyar da noman albasa, na tambayi Malamin Aljihu. Kafin in gyara zama ya zubo darasi tsaf, da kanun magana, har da tambayoyin ƙarshe. Na kwafe na kai. Hedimasta ya ɗaga takardar ya ce, "Kai, yau kam ka yi aiki!" Ya sa hannu nan take. Wallahi har na ji kaina ya kumbura.

A ciki akwai layin da ya ce a yi ta ba albasa ruwa har ranar cira don ta yi ƙiba. Na rubuta a allo, yara suka kwafe. Na ga wasu na kallon juna, na daka musu tsawa.

Washegari sai ga mahaifin wata ɗalibata a ofis, ƙafafunsa duk laka daga fadama, riƙe da littafinta. Aka kira ni. Ya ce da hedimasta, "Malam, mi kuke koya ma ɗiyanmu? Wanda yab ba albasa ruwa har ranar cira, ai ruɓewa za ta yi kahin ta ga kasuwar Goronyo! Wane malami na yah hwaɗi haka?"

Ko wata uku ban yi a garin ba, kuma na san in aka nuna ni, ba wani uba da zai sake yarda da abin da na rubuta a allo.

Hedimasta ya karanta layin sau biyu. Ya ce, "Alhaji, ni nis sa hannu. Laihina ne. Yau za a gyara." Bai ko dubi inda nake ba. Ya kuma roƙi mahaifin ya shiga aji ya yi wa yara bayani da bakinsa. Ya shiga kuwa, ya cinye min darasi biyu, ni ina zaune a bencin baya kamar sabon ɗalibi.

Bayan an tashi na je ba hedimasta haƙuri, kunya kamar ta kashe ni. Na ce ba zan ƙara taɓa manhajar ba.

Ya ce, "A'a, ɗana, taɓa abinka. Ita ba ta taɓa shiga hwadama ba, ba ta da laihi. Kai ba ka bincika ba, ni ban karanta ba, don takardar ta yi min kyau. Yaran nan su kaɗai suka karanta, kuma su ne ka yi ma tsawa."