Ranar da Kawu Abdurra'uf Ya Kama Kansa

Duk Sanyinna babu wanda ya tsani ƙwaya kamar ƙanen babata, Kawu Abdurra'uf. Shi ne shugaban kwamitin yaƙi da 'yan tiramol na unguwarmu. Ko farasitamol aka miƙa masa, sai ya tambayi asalinsa. Dokarsa ɗaya ce: wanda aka kama, bulala goma sha biyu, kuma ya faɗi dilansa.

Shekara sha ɗaya da aurensa da Inna Raliya, ko ɓari babu. Dangi suka yanke cewa ita ce juya. Ta sha sassaƙe, ta sha jiƙo, har wata saiwa daga Kebbe wadda akuya ta shinshina ta yi atishawa. Bara dai ta ce ba ta ƙara kurɓar komai sai shi ma an auna shi.

Suka tafi wani asibiti a Sakkwato. Mai awon ya leƙa madubinsa ya ce, "Malam, ɗiyan maniyyinka suna da rai, amma tafiyarsu kamar masu dawowa daga walima. Kana taɓa tiramol? Irinsa na iya rage musu gudu."

"Ni? Kai, yaro, ka san da wa kaka magana?"

Don ya kwantar masa da hankali, mai awon ya ce ai kowa ma jikinsa yana haɗa wani sinadari ɗan uwan tiramol, don rage zafin ciwo. Ya ce ɗiyan maniyyi suna da wurin da abin ke kama su, wani nau'in ya sa su sauri, wani ya sa su nawa, masana na kan bincike.

Kawu bai ji "kowa" ba, bai ji "bincike" ba. Abin da ya ji shi ne akwai masana'anta a cikinsa.

Washegari ya tara kwamiti a ƙofar gida, ya ajiye hularsa a ƙasa, ya karanta takardar awon da ƙarfi, mata na saurare ta bayan danga.

"Jama'a, na kama babban dila. Ga ni."

Sakatare Almu ya ce, "To, Shugaba, wa ka kawo maka kayan?"

"Kaina."

"Ina kaka ɓoyewa?"

"Ban sani ba, wallahi. Ku bincika."

Aka laluba aljihunsa, goro kawai aka samu. Kawu ya kwanta ya ce doka doka ce. An kai bulala fuɗu, Almu ya buga wa mai awon waya ya ji ko bulalar za ta sa a ga sauƙi. Mutumin ya yi salati ya ce su tsaya, ai zafin duka shi ke sa jiki ya ƙara haɗa abin.

Kawu ya ɗago kai. "Ashe ku ka yi mani safara! Almu, kwanta."

Ana wannan rigima Inna Raliya ta fito da mayafinta, ta sunkuya ta ɗauke takardar.

"Malam, kun ƙare da wagga?"

Ta hau babur zuwa Tambuwal, aka manne mata takardar cikin roba, aka buga kwafi bakwai. Kowace gwaggo ta samu nata har gida, da gaisuwa. Gwaggo Atu, wadda ta fi kowa kiranta juya, ba ta iya boko ba, sai Inna ta zauna ta karanta mata, sau biyu, a hankali.